Allo Ɗaya Mai Sunana

Wanda ya tarbe ni a Amurka ɗan unguwarmu ne, kuma shi ne ya kashe mani karatu. Na faɗi haka tun daga farko don kar wani ya zaci Turawa zan kawo ƙara. Turawa sun yi mani nasu, amma nasu bai taɓa hana ni barci ba.

Sunanshi Mannir. Gidansu na bayan namu a Ƙofar Durbi, ya girme ni da shekara shida, kuma kafin ya tafi makarantar kwana ya zauna rumfar Babana yana koyon aikin babbar riga, kamar yadda ni ma na zauna daga baya. Yaya nake ce mashi. Ranar da na sauka ya zo filin jirgi da tsohon kwat ɗinshi a hannu, ya yafa mani, ya karɓi wasiƙar da Baba ya rubuta mashi da ajami. A tsaye ya karanta ta. Da ya zo wurin da Baba ya ce "ga ƙanenka Rabe nan, amana," sai idonshi ya ciko. Wallahi na gani da idona, ba labari aka ba ni ba.

Zangon farko shi ne garin jami'ar, gari ne a cikin hamada, busasshe kamar namu, sai dai babu gaisuwa. Satin farko na tare wani malami a baranda, ban gama tambayar kwananshi ba ya riga ya sha kwana. Matar da ta ba ni hayar ɗaki kuwa, ranar da na buɗe ƙullin daddawar da Inna ta sa mani a akwati, sai da ta kira mai gyaran bututu, wai wani abu ya mutu a bango. Da ta gano daga jakata ne, ta ba ni sati biyu in tashi. Yaya Mannir ne ya kwashe ni zuwa ɗakinshi. Ya tuƙa mana tuwon garin masara, muka kaɗa miyar kuka da daddawar nan da aka kore ni saboda ita, muka ci muna dariya har da hawaye. Nawa hawayen ba na dariya ba ne duka, gida nake tunawa.

Mutane kan tambaye ni me ya kai ɗan maɗinki karatun taurari. Baba ne. Yana cikin dattawan da ake kira duban wata a unguwarmu, kuma tun ina ƙarami yake hawa da ni kan tsohuwar ganuwa yana nuna mani Zara da Gamzaki da Kaza da ɗiyanta. Ya ce da yana saurayi ɗiya bakwai yake ƙirgawa. Lokacin da zan taho yanar ido ta fara rufe mashi gani, Kazar ta koma mashi ɗan hayaƙi kawai. Abin da ya ce mani shi ne, "In ka samu madubin nan nasu, ka ƙirgo mani ɗiyan duka."

Jami'ar na da babban madubin hangen taurari a kan wani dutse, tafiyar rabin yini a mota. Samun dare ɗaya a kanshi ya fi samun kujerar Hajji wuya. Sai da na yi shekara da 'yan watanni ina karatu, ina naci a ƙofar Farfesanmu, sannan ya ce ya samo dare uku a tsakiyar hunturu, kuma Kazar za a ɗauka, a nemo ƙananan taurarin da ido ba ya gani a cikinta. Ya ce, "Gwaji ne. In ka sauko da hotuna masu kyau, aikin ya zama naka har ka gama digiri. In ba ka iya ba, akwai masu jira." Shi Farfesan zai yi tafiya a lokacin. Dokar wurin kuma ba ta bari sabon ɗalibi ya hau shi kaɗai, sai da babba. Wa zan nema in ba Yayana ba? Shekararshi biyar ke nan a ƙarƙashin Farfesan, sau biyu ana ba shi dare gajimare na cinyewa, kuma an fara yi mashi maganar lokacinshi ya kusa ƙarewa. Ya ce, "Haba Rabe, har sai ka roƙa?"

Zango na biyu kan dutse. Kai! Sanyin wurin nan ban san da me zan kwatanta shi ba, kuma ba a hura wuta a cikin ƙubbar madubin, wai ɗumi na sa taurari rawa. Mai kula da madubin wani dattijo ne, Hoze, gajere mai furfurar gashin baki, wanda ya fi shekara ashirin yana juya ƙarfen nan. Shi ya nuna mana yadda ake yi. A zamanin ba a kan takarda ake ɗaukar hoton taurari ba, a kan allon gilashi ne mai faɗin tafin hannu biyu, fuska ɗaya an shafa mata maganin hoto, ɗayar gilashi ne zalla. Cikin baƙin duhu ake sa allon, kuma dole fuskar maganin ta kalli sama. Na ce to yaya mutum zai gane fuskar a duhu, ga safar hannu? Hoze ya ɗauki wani lalataccen allo, ya ɗan taɓa kusurwarshi da harshe. Ya ce in ya kama harshe, maganin ne, in ya zame, gilashi ne. Na gwada, na ji ya ɗan manne kamar ƙaro. Yaya Mannir ya yamutsa fuska ya ce da Hausa, "Allah Ya kiyaye. Ni da girmana in tsaya lasar gilashi? Da yatsa nake ganewa."

Mai ɗaukar hoton a can ƙololuwar madubin yake zama, cikin wani ɗan keji da ko miƙe ƙafa ba a yi. Na ce wa Yaya akurki ne, daidai da mai neman Kaza. Aikin shi ne ka kafa ido a kan tauraro ɗaya, ka riƙe shi a mahaɗar wasu siraran zare biyu, in ya gusa ka danna maɓalli ka maido shi. Awa guda cur kowane allo, ba tari, ba susa.

Saboda girma na ce Yaya ya fara. Ya hau ya yi awarshi, ya sauko haƙoranshi na kaɗawa, ya ce kanshi zai tsage, bari ya ɗan kishingiɗa a masauki ya dawo. Bai dawo ba. Daren nan da biyun da suka biyo baya ni ne a akurki. Allo goma sha ɗaya na ɗauka. Yatsun ƙafata sun mutu, gashin idona ya manne da bakin madubin, fitsari ya matse ni na hana shi. Amma da na fara leƙawa na ga abin da ke cikin Kazar nan, sai na ji ina cewa "Subhanallahi" da ƙarfi, har Hoze ya tambaya ta waya ko lafiya. Ɗiya bakwai ina! Kamar an watsa gero a kan baƙin zane. Hoze kan aiko mani da shayi a gora ta igiya, kuma da ya lura ina sauka in yi sallar asuba a kan sumunti, washegari na tarar ya shimfiɗa mani kwali a wurin.

Da rana muke wanke allunan. Goma sha ɗayan nan suka fito tas, taurari kamar tsinin allura. Na farko kuwa, na Yaya, ya fito dishi-dishi, babu abin da za a tsinta a ciki. A baibai ya sa shi. Ya daɗe yana kallonshi, sannan ya ce, "Shekara biyar, Rabe. In Farfesa ya ga wannan, ya kuma ji ban kwana a ƙubba ba, tawa ta ƙare." Bai roƙe ni komai ba, gaskiya ɗaya ce. Faɗi kawai ya yi, ya bar ni da ita.

A nan sai na yi bayanin rumfar Baba, in ba haka ba za a ce ni wawa ne. Ko da yake wawan ne. A rumfarmu, riga in ta yi kyau ɗinkin Malam ne, wato Baba, ko da bai taɓa allurarta ba. In zanen aska na gaban riga ya karkace ko zare ya ɓaci, ƙarami ne ke cewa "ni ne," ko da ba shi ba ne. Ba zalunci ba ne, don Malam ya san hannun kowa, kuma ranar da yaro ya ƙware shi zai tara mutane ya ce wannan ya iya, duk rigunan da kuka yaba bara hannunshi ne. Ƙarami ya rufa wa babba asiri, babba ya ɗaga ƙarami. Da wannan na tashi, kuma Mannir a kan tabarmar nan ya zauna kafin ni.

Akwai wani babban littafi a ƙubbar, littafin dare. Kowane allo da layinshi. Hoze ke cike lokaci da yanayin sama, mai aiki ya rubuta sunan wanda ya ɗauka. Na ɗauki biro, a layin lalataccen allo na rubuta Rabe. A layi goma sha ɗaya na rubuta Mannir. Hoze na tsaye a kaina. Ya dafa littafin ya ce, "Yaro, abin da ya faru ake rubutawa a nan." Na yi murmushi na ce mashi haka muke yi a garinmu, yayana zai yi wa Farfesa bayani. Ya kalli Mannir, Mannir ya kalli taga. Ya kamata in gane tun a nan.

Zango na uku ofishin Farfesa. Da ya dawo ya kira mu tare, littafin na buɗe a gabanshi. Ya yaba wa Mannir, ya ce allunan nan sun fi duk waɗanda aka sauko da su a hunturun. Sannan ya juyo ya ce mani, "Kai kuma allo ɗaya ka gwada, ka sa shi a baibai, ka bar wa wani sauran?" Na sunkuyar da kai ina jira. Wurin babba ne ya yi magana. Na ji agogon bango na tafiya, na ji Mannir ya gyara zama, na ce yanzu zai buɗe baki. Ya buɗe kuwa. Ya ce, "Sanyi ne ya yi mashi yawa, bai saba ba."

Muka fito. Sai da muka isa ɗaki na tare shi. Na ce, "Yaya, me ke nan?" Ya kama hannuna biyu, ya ce in yi wa Allah in yi wa Annabi in rufa mashi asiri wata shida kacal. Ya auna allunan, ya rubuta, ya karɓi digirinshi, ranar da aka sa hannu shi da kanshi zai gaya wa Farfesa gaskiya, ya nemo mani wasu dararen. "Ka manta wasiƙar Baba? Ni zan cuce ka?" Har da kuka. Hoze ya aiko mani da saƙo ta direban motar dutse cewa in ina so zai sauko ya faɗi abin da ya gani. Na mayar mashi da godiya na ce mun daidaita a gida.

Wata shidan nan ni na taya shi aunawa. Wannan ne ke ci mani rai har yau. Ina zaune ina ƙirga ɗiyan Kaza ɗaya bayan ɗaya a kan allunan da na daskare a kansu, shi yana kwance da rediyo a kunne yana kamo labarin gida. Lokacin soja sun buɗe fagen siyasa, ana ta zaɓe, kullum wasiƙa na zo mashi daga Kaduna cewa farar hula za su hau, ana neman masu digirin dakta. Ni kuwa ina dafa mana tuwo.

Aka sa mashi hannu ranar Laraba. Na ce gobe Alhamis za mu je wurin Farfesa, ya ce in Allah Ya kai mu. Da na dawo daga laburare ranar Alhamis ɗin na tarar da ɗaki wayam. Akwatunanshi babu, rediyo babu. Kwat ɗin nan da ya yafa mani a filin jirgi kaɗai ya bari a rataye, ban sani ba ko kyauta ce ko mantuwa.

Na je wurin Farfesa ni kaɗai na zayyane mashi komai. Ya saurare ni har ƙarshe, sannan ya jawo littafin dare ya ce, "Rubutun wa ne wannan?" Na ce nawa. Ya ce, "To ko dai ka yi ƙarya a lokacin, ko kana yi yanzu. Wanda ya lalata allo ina iya koya mashi. Wanda ke rubuta abin da bai faru ba a littafin nan, ban san me zan yi da shi ba." Ya kuma nuna mani takardar da Mannir ya bar mashi kafin ya tafi, inda ya ce ni yaron kirki ne, amma a matsayinshi na ɗan garinmu yana ganin aikin madubi ya fi ƙarfina. Yaron kirki! Hoze ya rubuto wasiƙa, duk da ya san shi ma za a tuhume shi da barin sabon ɗalibi shi kaɗai. An karanta, an ce an riga an sa hannu a digiri, ba a buɗe abin da aka rufe. Aka ce in nemi wani fannin ko wata makarantar.

Na yi wata huɗu ina wanke kwanuka a wani gidan abinci, ina rubuta wa makarantu, kowace na tambayar takardar shaida daga Farfesana. Kunyar komawa gida ta fi yunwa cin mutum. Ranar da na haƙura zan taho, Hoze ya sauko gari da wani abu a naɗe cikin tawul. Lalataccen allon ne. Ya ce dokar ma'aji ita ce ana ba mutum allon da ke da sunanshi, kuma wannan kaɗai ke da nawa. Ya ce, "Na ga masu digiri da yawa a kejin nan. Kai ka iya." Ya rungume ni yana warin taba, na yi kukan da ban yi ba tun ranar Alhamis ɗin nan.

Na dawo Katsina farar hula na da 'yan watanni a kan mulki, gari duk fastoci da sabbin motoci. Na ce wa mutanen gida karatun ne ya gagara. Idon Baba ya rufe sai ɗan haske, don haka na koma rumfa na ɗauki allura, rigunan na fita da sunan Malam.

Wata Juma'a bayan la'asar mota ta tsaya a ƙofar gidanmu. Dakta Mannir ne, an ba shi babban muƙami a Kaduna, ya zo gaida Malam. Ni na shimfiɗa mashi tabarma, ni na kawo mashi ruwa. Ya ce, "A'a, Rabe! Saukar yaushe? Ya gajiyar hanya?" Na ce gajiya ta bi lafiya. Ya durƙusa gaban Baba suka yi gaisuwa mai tsawo, Baba na ta sa mashi albarka, yana cewa Allah Ya saka da riƙon amana. Ya ciro littafin digirinshi ya ɗora a cinyar Baba, ya ce ga Kazar nan ya ɗauko mashi, ɗiyanta sun kai ɗaruruwa. Baba ya shafa takardar ya ce, "Masha Allah. Kai ka ƙirga su?" Ya ce shi ne. Da zai tafi ya ajiye shadda fara, ya ce yana son rigar da zai sa ranar da za a gabatar da shi, kuma ba ya son hannun kowa sai na rumfar Malam. Ya san sarai hannun wa ke rumfar.

Bayan motar ta tafi Baba ya juyo wajena. Sannan ya ce, "Kai fa? Ba ka zo da komai ba?" Na shiga na ɗauko allon na sa mashi a hannu, na ce lalatacce ne, a baibai aka sa shi. Ya juya shi, ya shafa gefen. Ya tuna wasiƙar da na taɓa rubuto mashi kan lasar gilashi, sai ya kai kusurwar bakinshi ya taɓa, ya juya ya taɓa ɗayar.

Ya ce, "Wannan ai ko makaho ya gane fuskarshi. Wa ya sa shi?"

Na ce, "Ni ne, Baba."

Ya ce, "Sake faɗi."

Na sake faɗi.

Ya ajiye allon a hankali a kan tabarma. Ya ce, "Shekara arba'in yara na ce mani 'ni ne' a rumfar nan. Na san muryar wanda ya yi, na san ta wanda ya ɗauka. Sauran allunan guda nawa ne?"

Na ce goma sha ɗaya.

Ya ɗaga fuskarshi sama kamar mai duban wata, hawaye na bin gemunshi, ya ce, "Ni na koya maka rabinka na ƙarami, na zaci na koya mashi nashi rabin na babba. Ka yafe mani, Rabe." Ban taɓa jin Baba ya nemi gafarar ɗanshi ba, kuma da na san haka za ta kasance da na jefa allon nan a teku.

Digiri dai ban samu ba. Na koyar da lissafi a wata makaranta a Batagarawa har na yi ritaya, allon kuma na nan cikin akwatina a tawul ɗin Hoze. In hunturu ya shigo Kaza ta fito, ba na daɗewa a tsakar gida.

Amma a yammacin Juma'ar nan, kafin a kira magariba, Baba ya lalubo shaddar ya tura mani ita da ƙafa, shi da ko ƙyalle bai taɓa taɓawa da ƙafa ba. Ya ce in kai gidansu Mannir yanzu, tun bai koma Kaduna ba. Na ɗauka, na kai bakin zaure, ya kira ni.

"Rabe. In ya tambaya wa ya ce a maido, kar ka ce kai ne. Ka ce ni ne."